Gari ke Tsare Gida: Tarihin Kare Kai a Ƙasar Falgore

Matafiyin da ya bar titin Zariya a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ya bi ta tsakiyar ƙasar da ta shafe kusan shekara ɗari biyu tana juya tambaya guda: idan mahari ya tsallako katanga cikin dare, hukuma kuma tana can nesa, me ya halatta mai gida ya yi? A 'yan shekarun nan da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi Arewa, tambayar ta dawo bakin kowa, a majalisun ƙofar gida da shirye-shiryen rediyo, amsar da ta fi saurin fitowa kuwa ita ce a bar kowa ya mallaki bindiga. Amsa ce ta mutumin da tura ta kai shi bango, don haka bai kamata a raina ta ba. Sai dai tarihin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yana nuna wani abu daban. Ba a taɓa hana mutumin wannan yanki haƙƙin kare kansa da iyalinsa ba, a fiƙihu ne ko a al'ada ko a dokar boko. Abin da ya riƙa canzawa shi ne abubuwan da ke kewaye da haƙƙin: maƙwabtan da za su amsa kuwwa, da shugaban da za a miƙa wa ɓarawo, da iyakar da mai kare kai ba ya ƙetarewa. Duk lokacin da waɗannan uku suka tsaya da ƙafarsu, gidaje sun samu barci ko da makamin cikinsu bai wuce gora da kwari da baka ba. Duk lokacin da suka rushe kuwa, yawan makami bai hana kuka ba.

Kudancin Kano bakin iyaka ne tun asali. A nan filin noman ƙasar Kano yake ƙarewa, duwatsun Riruwai su fara, daji ya miƙa gabas ya haɗe da na Lame da Burra a ƙasar Bauchi, ta kudu kuma ya leƙa ƙasar Zazzau. Dajin da mulkin mallaka ya keɓe a shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960 aka raɗa masa Falgore, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, tsakaninsa da birnin Kano kuma kimanin kilomita 150 ne. Wannan nisa shi ne jigon labarin. Wajen shekarar 1846 wasu malamai daga Tsakuwa, ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi amincewa da harajin da aka ɗora musu, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin. Ba a daɗe ba Ningi ta zama ƙarfin da ke kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau, tana kwasar mutane da dabbobi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, yaƙi da Ningawa na cikin manyan al'amuran da suka sha wa fada kai, garuruwan kudu kuwa, daga Rano da Tudun Wada zuwa Sumaila da Birnin Kudu, su ne masu karɓar saran farko. Rundunar sarki in ta taso daga birni kwanaki take yi a hanya. Mahara kuwa su faɗo da asuba, kafin hantsi sun shige daji.

Mutanen wancan zamani ba su ɗora tsaron gida a kan mai gida shi kaɗai ba. Sun tara gidajen wuri guda suka kewaye su da ganuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kwaɗaitar da kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyakoki, shi kansa ya zauna a Wurno, sarakunan Kano kuma suka bi wannan tafarki a sassan da hari ya fi yawa. Baturen nan Clapperton da ya biyo ta Bebeji a 1826 ya tarar da babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. Ganuwa aikin gayya ce: kowace unguwa da ɓangaren da za ta yaɓe bayan damina, a bayanta a haƙa gwalalo, a bar sarƙaƙiyar ƙaya ta yi kauri yadda doki ba zai ratsa ba. Ƙofa tana da mai tsaronta, a rufe ta da faɗuwar rana, a buɗe da safe. Baƙo yana da mai masauki, mai masauki kuma yana da mai unguwar da zai sanar. In an hango ƙura, a buga ganga, manoma su baro gona, mata da yara da dabbobi su shige ciki, maza su hau ganuwa, maharba da 'yan tauri a gaba. Wanda ya ji kuwwa ya yi kwanciyarsa ya jawo wa gidansa abin faɗa har jikoki. Da wannan tsari, kafin mahari ya kai ƙofar mutum guda sai ya fara karo da gari gaba ɗaya.

A cikin ganuwa kuma akwai wata ganuwar ƙarama, ita ce tsarin gidan Bahaushe. Zaure shi ne iyakar baƙo. Daga nan sai an yi sallama an amsa, an kuma ba da izini, daidai da umarnin da ya zo a Suratun Nur na neman izini kafin shiga gidajen mutane. Saboda haka wanda aka tarar a tsakar gida da dare, bai bi ta zaure ba, bai yi sallama ba, ya riga ya bayyana niyyarsa da ƙafarsa. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Kano suke hukunci da shi, wanda almajirai ke karantawa a Risala da Muhtasar, ya yi wa mas'alar tunkuɗe mahari tsari mai matakai. Ya halatta mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, wanda aka kashe a kan haka kuma malamai sun ce ya yi shahada. Amma ana fara yi wa maharin gargaɗi idan mai fahimta ne kuma hali ya bayar, a haɗa shi da Allah ya janye. Ana tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tsai da shi, ba a nufin kisa sai an san babu abin da zai kau da shi face hakan. Wanda yake da ikon kauce wa maharin tare da iyalinsa da dukiyarsa ba tare da cutuwa ba, ba shi da hujjar raunata shi. Idan kuma aka kama shi, hannun mai gida ya fita, hukunci ya koma ga alƙali da sarki. Tunkuɗe cuta daban, ramuwa daban, fiƙihu kuwa bai yarda a gwama su ba.

Masu kira a raba wa kowa bindiga sukan kafa hujja da cewa kakanninmu ma da makamansu suke kwana. Gaskiya ne, sai dai a tambaya wane makami, kuma a ƙarƙashin wa. Kwari da baka da mashi da takobi da gora su ne makaman talaka, kayan da maƙerin gari ke ƙerawa, kowa ya san na kowa. Bindiga kuwa a ƙarni na 19 sarakuna sun fi riƙe ta a hannun bayinsu 'yan bindiga, domin sun san makamin da ke kisa daga nesa in ya bazu babu mai iya tattara shi. Talaka kuma in ya fito da kwarinsa, a bayan dagacinsa yake fitowa, a ƙarƙashin ganga ɗaya. Wannan ba ya nufin zamanin ganuwa zamanin adalci ne tsantsa. Manomin da hari ya rutsa da shi a gona mai nisa ya tafi ke nan, makiyayin da ke ruga ba shi da ganuwa, su kansu sarakunan sun riƙa kai hari kan mazauna duwatsu suna kamo bayi, a yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 kuma garuruwa masu ganuwa suka juya wa junansu. Amma darasi mafi nauyi yana cikin labarin Ningi kanta. Mutanen da suka hau dutse don tsere wa abin da suke gani zalunci ne, su da magadansu suka zama masu kwasar talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Makamin da aka ɗauka don kare kai, in babu wanda zai ce da shi ya isa, ba ya daɗewa yake zama sana'a.

Ranar 1 ga Fabrairu 1903 wannan tsari ya karye, a Bebeji kuwa ya fara karyewa. Rundunar Turawa ta Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta tarar da ƙofar garin a rufe. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, sarkin garin ya rasu a wurin, sauran garuruwan kan hanya suka ga babu amfanin tirjiya, ranar 3 ga wata kuma birnin Kano ya faɗi. Daga ranar ganuwa ta tashi daga aiki. Turawa sun zo da wata irin yarjejeniya da ba a rubuta ba: ku ajiye yaƙi, mu kuma mu tsare ku. Tun a 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniyar Brussels da ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wani babban yanki na Afirka, mulkin mallaka kuma ya ɗora a kai da nasa dokokin. Da aka karya ƙarfin Ningi, hare-hare suka tsaya, mutane suka fita daga ganuwa suka kafa ƙauyuka da gidajen gona kusa da gonakinsu, abin da ya bunƙasa noma ya kuma warwatsa jama'a a fili. Abin da ya riƙe tsaro a lokacin shi ne sarkar En'e: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, tare da dogarai da 'yan doka da kotun alƙali. Wannan sarka ta yi ƙaurin suna wajen danniya, musamman a kan 'yan jam'iyyar NEPU a shekarun 1950, ba kuma za a wanke ta daga wannan ba. Amma tana da abu guda da ya kamata a faɗa: a kusa take. Dagaci ya san baƙon da ya kwana a garinsa, in an kora shanu a bi sawu har inda ya tsaya, a tambayi mai garin.

Da 'yancin kai ya gabato, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsa aka samar da kundin hukunta laifuka na 1959, wanda aka fi sani da Final Kod, aka fara aiki da shi a 1960, an kuwa gina shi ne a kan na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Sashe na 59 zuwa na 67 na kundin suna magana ne kan kare kai, wanda ya karanta su kuma zai yi mamakin kusancinsu da abin da ke cikin Muhtasar. Abin da mutum ya yi cikin halattaccen kare kai ba laifi ba ne. Yana da ikon kare jikinsa da na waninsa, dukiyarsa da ta waninsa. Ikon yakan kai ga kisa idan harin na iya jawo mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe ne, ko sace mutum. A kan dukiya kuma yakan kai ga haka idan fashi ne, ko fasa gida da dare, ko cinna wa mazaunin mutane wuta. Sai aka gindaya sharaɗi biyu: kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi idan akwai lokacin neman taimakon hukuma. Wanda ya zarce iyaka da kyakkyawar niyya, ba da shiri ba, sashe na 222 ya sauke laifinsa daga kisan da hukuncinsa kisa ne. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 33, ya amince da ƙarfin da ya zama dole don kare mutum ko dukiya. Ashe magidancin Doguwa da ɗan fashi ya fasa wa ƙofa da dare ba ya buƙatar sabuwar doka kafin ya kare iyalinsa. Tana nan fiye da shekara sittin.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin nan na neman taimakon hukuma, domin an rubuta shi ne a zamanin da hukuma take ƙofar gidan dagaci. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta narkar da 'yan dokan En'e cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare wa masu sarauta ragowar ikonsu, tsarin mulki kuma a sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. A gefe guda Dokar Makamai ta 1959 ta ce bindigogin yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin su bindigar harbin tsuntsaye sai da lasisin Sufeto Janar, bindigar toka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Da haka aka cire wa ƙauye ganuwa, aka cire masa dogari, aka nesanta masa makami, aka bar shi da alkawarin cewa hukuma za ta zo. A Falgore alkawarin ya yi ta makara. Shekaru da dama direbobin hanyar Kano zuwa Jos suna gudun dare ya riske su a dajin saboda 'yan fashi. Daga baya ɓarayin shanu suka mai da shi maɓoya, waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu kuwa Fulanin da ke kiwo a gefensa ne da ƙananan manoma. Sai a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka matsa wa dajin lamba, sojoji suka shiga da atisayen Harbin Kunama na biyu a 2017, aka gina musu sansanin horo a ciki, aka kuma fara tsugunar da makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Kiru. Abin lura a nan shi ne sauƙin da aka samu ya biyo bayan matsowar hukuma kusa ne, ba wanda ya raba wa gidajen Tudun Wada bindigogi.

Hujja mafi ƙarfi da za a ƙalubalanci wannan matsayi da ita ita ce: dokar tana auna abin da ya faru cikin daƙiƙu da ma'aunin mai zaune a inuwa. Mutumin da aka farka da shi da bakin bindiga ba shi da sukunin lissafa sara nawa ya wadatar. Wannan ƙorafi yana da gindi. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Adamawa da ya ce wani makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi. Mafi rinjayen alƙalan sun ga cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu, guda daga cikinsu ta saɓa, hukuncin kuma ya ta da muhawara a faɗin ƙasar. Ana iya ganin cewa kotu ta tsaurara, kuma ya dace alƙalai su riƙa sa kansu a matsayin wanda ke cikin firgici, su kuma yi la'akari da cewa neman taimakon hukuma a ƙauyen da ofishin 'yan sanda yake tafiyar sa'o'i, waya kuma ba ta shiga, magana ce da ba ta da wurin zama. Sharaɗin da kansa ya ce idan akwai lokaci, inda babu lokaci kuwa bai hau kan kowa ba. Gyaran fassara ke nan, da horar da masu gabatar da ƙara, da samar wa talaka lauya. Amma a ce a goge iyakar gaba ɗaya, wannan wani abu ne daban. A shari'ar kare kai, ɗaya daga cikin shaidu biyu yana kabari, mai rai ne kaɗai ke ba da labari. In babu ma'auni, duk wanda ya kashe abokin rigimarsa a kan iyakar gona ko ɓarnar shanu zai ce kare kansa ya yi. Iyakar da ke takura mai gida a yau ita ce ke tsare ɗansa gobe idan ya ɓata hanya ya faɗa gonar wani da dare.

Hujja ta biyu ita ce ta makami: ɗan bindiga yana riƙe da AK-47, mai gida yana riƙe da adda, to wane irin haƙƙi ne wannan? Har gwamnoni sun faɗi haka. A 2021 Gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce a nemi lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Maganar gwamnonin ikirari ne cewa alkawarin 1903 ya gaza, a nan kuwa sun yi gaskiya. Amma a dubi yadda harin yake zuwa. Mutane da yawa ne a kan babura, cikin dare, sun san gidan da suka nufa domin wani na ciki ya tsegunta musu. Bindiga guda a ɗaka ba ta tsai da irin wannan, sau da yawa ma ita ce abin da za su fara nema su ƙara a kan nasu. A sauran kwanakin shekara da babu hari kuwa, bindigar tana nan cikin gida mai yara, a garin da ake rigimar gado da ta siyasa da ta gona. Ana yawan buga misali da Amurka, inda jihohi irin su Fulorida tun 2005 suka cire wajibcin ja da baya ga wanda aka kai wa hari. To amma can ana gardamar ne a ƙasar da kiran waya ke kawo 'yan sanda, kowace gawa kuma a yi bincike a kanta, duk da haka kisan bindiga ya zame musu annoba. A kwaso dokar ba tare da kotu da binciken da ke bayanta ba, an ɗauko wuta ke nan an baro murhu.

Saura hujja ta uku, wadda ta fi kusa da tarihin yankin: tunda gari ke tsare gida, a bar 'yan banga da mafarauta su yi aikinsu. Babu mai musun cewa 'yan sintiri da maharban da suka san kowace kwana ta Falgore sun ceci rayuka da dukiya, da yawansu kuma sun rasa nasu ran a kan haka ba tare da albashi ba. Amma taron gari ma yana buƙatar linzami, har ya fi mutum guda buƙata. A Zamfara, tun wajen 2011, 'yan sa-kai da suka tashi don maganin ɓarayi suka koma kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi kawai, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa suka shige daji suka sayi makamai, ramuwar gayya ta yi ta haihuwa har ta cinye jihar ta tsallaka maƙwabta. Mutanen kudancin Kano kuma sun ga ɗaya fuskar abin da idonsu. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga suka tare motar da ta ɗauko mafarauta masu komowa gida hutun salla, suka ga bindigogin toka, aka yi musu kuwwar masu garkuwa da mutane, taro ya kashe mutum 16, da dama daga cikinsu 'yan Toranke ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Waɗanda suka yi kisan su ma cewa suke garinsu suke karewa. Da an bi mataki guda na tsohon tsari, wato a miƙa wanda ake zargi ga hukuma, da mutanen nan sun yi salla a gida.

Ganuwar ƙasa ba za ta dawo ba, ba kuma a buƙatar ta dawo. Abin da ya kamata ya dawo shi ne abin da take wakilta, wato tsani tsakanin ɗakin mutum guda da barikin soja. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, alamar cewa jihohi sun fara gane giɓin, amma amfanin irin waɗannan rundunoni ya rataya ne a kan sharuɗɗan da kakanni suka sani. A san kowane ɗan sintiri da sunansa da mai unguwar da ya tsaya masa. A sa manomi da makiyayi cikin tawaga ɗaya, domin ruga ma gida ce, mai ita kuma yana da haƙƙin da mai soro yake da shi, tsaron da ya ware ƙabila guda kuwa yaƙi yake shukawa. A rubuta kowace bindigar toka da ke hannun maharbi, a sauƙaƙa masa lasisinta. A mayar wa dagaci alhakin sanin baƙo, a kuma ba shi wanda zai kira a amsa. Wanda aka kama ya kwana a hannun 'yan sanda, ɗan bangan da ya yi hukunci da hannunsa kuma ya gurfana gaban alƙali kamar kowa. Sannan a karantar da sassan nan na Final Kod da babin tunkuɗe mahari a masallatai da rediyo da Hausa, domin magidanci ya san abin da ya halatta gare shi ba tare da tsoro ba, ya kuma san inda zai tsaya. Mutumin Tudun Wada na zamanin Ningawa yana da kwari a rataye a ɗaka, kuma ya iya harbi. Amma abin da ke sa shi runtsawa da dare shi ne sanin cewa an rufe ƙofar gari, akwai mai gadi a kanta, kuma in ya yi kuwwa maƙwabcinsa zai fito.